Zaren Gilashi a Ɗakin Hajiya Kaltume

Da sojoji suka koma bariki, abin da ya fara farfaɗowa a Kano shi ne babbar riga. Ruwan famfo bai dawo ba, wutar lantarki tana nan da halinta, amma duk wanda ya yi mafarkin kujerar kansila sai ya farka yana neman shadda da mai yi mata aiki. Alhaji Bukar na Gwammaja ya hango haka da wuri. Kakanninsa daga Barno suka zo da fataucin kanwa, ubansa ya sayar da riguna ɗinkin hannu, shi kuwa ya sayo injinan surfani masu aiki da kwamfuta, waɗanda ke gamawa a wuni ɗaya abin da ke cin idon mutum wata da watanni.

Ba shi ya zaɓi inda za a ajiye su ba. Mahaifiyarsa, Hajiya Kaltume, ita ta ce a sa su cikin gida, a dogon ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida, inda a da ake jibge buhunan kanwa. Tun kafin a san inji matan layin ke zuwa wurinta karɓar aikin hula da wuyan riga, wasu zawarawa, wasu matan aure da ba a barinsu su yi nisa. Ta ce in inji zai karɓe musu allura, to su za su riƙe injin. Haka aka yi. Kwamfutar da ake zana aikin tana soron ƙofar gida a hannun wani Sule, injinan suna ciki a hannun mata. Tsakaninsu akwai zaure biyu, da tsakar gida, da ƙa'idar da kowa ya sani: baligin da ba muharrami ba, iyakarsa zaure.

Da farko wayar tagulla ce ta haɗa soron da ɗakin, ta saman katanga. A daminar bara tsawa ta faɗi kusa, ta biyo wayar ta shigo, ta ƙone na'urar da ke bango, ta yi jifa da Tani, babbar mai kula da injinan. Har yau yatsunta biyu ba sa lanƙwasuwa. Bana sai Alhaji Bukar ya ɗauko Injiniya Lawal ya ja masa fayiba, wato waya mai zaren gilashi a ciki, wadda haske ke bi maimakon lantarki. Lawal yana da ma'aikata maza da mace ɗaya, Ikram 'yar Yakasai, wadda ya bari da amsa wayar ofis duk da takardarta ta foliteknik. Ranar da ya ji aikin a cikin gida yake, sai ya tuna ashe ta iya haɗa zare.

Ita ta bi gindin katanga da bututun roba, ta zura wayar ciki, tana lallaɓa ta a kowace kwana, domin zaren gilashi ba ya son a karya masa wuya. A ɗakin injinan ta kafa akwatin ƙarfe a bango, ta sa suwic a ciki, wato na'urar da ke karɓar saƙo daga waya ɗaya ta raba wa injina, da batirin da ke ba ta wuta. Ta fere bakin zaren, siriri kamar gashin kai, ta yi masa walda da ɗan injin da ke narkar da gilashi, ta soka wayoyi biyu rawaya a ramukansu. Koriyar fitila ta kama a nan, wata ta kama a irin akwatin da ke soro. Sule ya danna, allurai suka hau rawa a cikin gida.

Ba a daɗe ba layin fayibar ya fara nauyi, sannan ya ɗauke. Ikram ta zo ta goge bakin zaren, ya dawo. Ya sake ɗaukewa, ta sake gogewa. A zuwanta na uku ta tarar da Alhaji Bukar tsaye a zaure, yana fifita da faifan kwamfuta, Lawal yana zaune a kan darduma kamar wanda ya zo ta'aziyya. Ta durƙusa a bakin ƙofa da jakar kayan aikinta, ta gaishe su.

"Injiniya, dube ni da kyau," in ji Alhaji Bukar. "Na yi kama da ɗan aike?"

"Subhanallahi, Alhaji."

"To tun safe nake safa da marwa tsakanin Sule da inji da wannan abin a hannu. Ɗan takarar da ya ba mu huluna ya bar jam'iyyarsa jiya da la'asar, muka sauya tambari. Yau da hantsi an lallashe shi ya koma. Ni kaɗai ne namijin da zai shiga ciki, ni ne mai gida, ni ne masinja."

"Ai abin sai a hankali, Alhaji," in ji Lawal, ya ɗan karkata kai wajen Ikram. "Ka san da ni na shiga da kaina..."

"Ba za ka shiga ba. Matsalar ke nan. Na kama rumfa a Sharaɗa. Wallahi tallahi, in fitilar nan ta sake mutuwa ko sau ɗaya, zan kwashe injinan da Sule in kai can, in ɗauki maza, inda in abu ya lalace kowa zai shiga ya duba. Hajiya sai ta yi haƙuri."

Ya yi rantsuwar da ƙarfi, fuskarsa wajen cikin gida. Mutumin da ba zai iya yi wa uwarsa musu ba yakan nemi rantsuwa ya laɓe a bayanta, kuma Alhaji Bukar ya daɗe yana neman wadda za ta rufe shi duka.

Ikram ta yi sallama ta shiga. Ƙanshin gidan ya tare ta tun daga zaure na biyu, sandal da kajiji da wani abu mai nauyi a ƙarƙashinsu wanda Barebari ba sa faɗa wa kowa sunansa. Hajiya Kaltume tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno a ƙofar ɗakin injinan, doguwa, baƙa, da tsagen da shekaru suka kusa shafewa.

"Wushe, wushe. Ga mai walda," in ji ta, ta fara da gaisuwar Barebari. "Ke kullum kamar zaren naki. Ba sa ba ki abinci a Yakasai ne?"

"Suna ba ni, Hajiya. Ina kwana?"

"Matso."

Ikram ta matsa. Hajiya ta jawo kaskon turare ta tura ƙarƙashin hijabinta, ta riƙe gefen hijabin har hayaƙin ya fito ta wuya. Ba baƙuwar da ke shiga gidan ta fita da warin titi. Sai da aka gama wannan, aka kuma sa ta ta kurɓi ardeb, ruwan tsamiya mai sanyi, sannan aka buɗe mata akwatin, domin makullinsa yana cikin tarin makullan da ke ɗaure a haɓar zanen Hajiya, kamar kowane makulli na gidan.

Injinan suna tsaye, matan suna zaune a tabarma suna tsinke zare daga hulunan jiya. Tani ta biyo ta har gindin akwatin, ta rage murya.

"Injiniya, da gaske ya rantse?"

"Ya rantse."

"Sharaɗa," in ji Tani, kamar tana ɗanɗana magani. "Mai gidana ko kasuwar Kurmi ba ya barina in je ni kaɗai. Nan ma don Hajiya ce."

Ikram ta wanke hannunta da sifirit, ta zare waya ɗaya, ta sa bakin wayar a ɗan madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Gilashin da ya kamata ya fito tas kamar farin wata yana lulluɓe da wani yauƙi mai launin zuma, da shatin saƙar tufa a kansa. A zuwanta na baya ta ɗauka man inji ne da ke yawo a iska. Amma bakin da ke toshe a raminsa ba ya shan iska. Sai an zare shi.

"Yaya Tani, akwai mai taɓa wayoyin nan?"

"Mu? Ni da na ga abin da na gani? Ko tsintsiya ba ma kaiwa wurin."

Gaskiya ta faɗa, kuma iyakar abin da aka tambaye ta ta amsa. Ikram ta goge bakin zaren, ta zura ɗan tsinke mai auduga cikin ramin suwic ɗin, ya fito da launin zuma shi ma. Ta kai shi hanci. Humra ce da sandal. Amma a gidan nan har hijabinta humra ne da sandal, don haka hanci bai isa shaida ba. Ta mayar da wayoyin, fitila ta kama, injin farko ya yi tari ya fara aiki. Matan suka miƙe.

Wayar hannunta ta yi ƙara. Lawal ne daga zaure.

"Ta kawo. Fito mu tafi."

"Injiniya, zan ɗan zauna in ga yadda take yi."

"Ki zauna ki ga me? To, shi ke nan, ga shi ma an kawo wa Alhaji abinci."

Ta zauna a gefe, tana kallon allurai suna rubuta sunan mutumin da bai san jam'iyyarsa ba a kan hula bayan hula. Aka yi azahar. Bayan azahar zafi ya tsaya cik, sannan gabas ta haɗe rai. Iska ta fara kaɗa kayan shanya, wata daga cikin matan ta ruga ta kwashe, wata ta leƙa ɗakin Hajiya ta yafa wa madubin sif zane.

Hajiya Kaltume ta tafa hannu.

"Hadari! A kashe, a zare komai."

Tani ta kashe janareta, aka zare injinan daga bango ɗaya bayan ɗaya, ɗakin ya yi tsit. Hajiya ta miƙe da ƙyar, ta kwance makulli, ta buɗe akwatin, ta kai hannu kan wayoyin nan biyu rawaya kamar mai shirin tsinkar ganyen zogale.

"Hajiya!"

Ikram ba ta san ta yi tsalle ba sai da ta ga hannunta a kan ƙofar akwatin. Tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa ɗaga wa tsohuwa murya haka ba. Matan suka juyo.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Hajiya, zare su kike yi?"

"To da fa? Duk yamma in an tashi, da duk ranar da hadari ya taso. Alhajinku da bakinsa ya ce mini bara, in an gama aiki kada a bar ko waya ɗaya a jikin bango. Ga ƙusarsu nan da nake rataye su." Ta nuna wata ƙusa a bango. A ƙarƙashinta daidai akwai babban kwandon da ake kifawa a kan kasko, a shimfiɗa riguna a kai su sha hayaƙi kafin a kai wa masu su. "Kuma ba na mayar da su da ƙura. Da safe sai na goge musu baki da gefen mayafina, tas, sannan in soka."

Ta ɗaga gefen mayafin ta nuna mata. Lallausan mayafi ne mai kyau, ya sha humra shekara da shekaru.

Ikram ta ji kunya ta rufe ta tun daga tafin ƙafa. Ranar da ta kafa akwatin ta san ya kamata ta ce kada kowa ya taɓa wayoyin. Amma a ranar an turara ta, an ciyar da ita, an kira ta 'yar nan, kuma yarinya ba ta duban sa'ar kakarta ta ce mata kar ki taɓa. Sai ta fita ta faɗa wa Lawal ya faɗa wa Alhaji ya faɗa wa Hajiya. Saƙon ya mutu a zaure, inda yawancin abin da ya shafi mata ke mutuwa.

"Hajiya, ki gafarce ni," in ji ta, ta durƙusa. "Abin da ke kashe layin ke nan. Hayaƙin yana kwanciya a bakin zaren, mayafin kuma yana shafa masa mai. Haske ba ya iya wucewa."

Hajiya ta dube ta, ta dubi mayafin.

"Turarena ne datti?"

"Ba datti ba ne, Hajiya. Maiƙo ne."

"Tun ina amarya nake haɗa shi. Sarakuna sun aiko nema. Yau 'yar Yakasai ta ce maiƙo ne." Ta saki mayafin. "Me ya hana ki faɗa mini tun ran farko?"

"Kunya ce, Hajiya."

"Kunyarki ta kusa kai mu Sharaɗa. To na ji. Zan ɗauke kaskon daga nan, ba zan ƙara goge su ba. Matsa in zare, ga hadari a kanmu."

"Ba a zare su, Hajiya. Ko yau, ko gobe. Tsawa ba ta bin wannan."

Aka yi walƙiya, ɗakin ya yi fari ya koma duhu. Hajiya ta kamo hannun Tani ta ɗaga shi, yatsun nan biyu a miƙe kamar itace.

"Kin ga wannan?"

"Na gani. Waccan wayar ƙarfe ce a ciki. Wannan ba ƙarfe ko kaɗan." Ikram ta buɗe jakarta da sauri, ta ciro guntun waya, ta fere shi, ta ɗora siririn zaren a tafin hannun Hajiya. Ta haska masa 'yar tocila mai jan haske ta ɗaya bakin, ɗigon ja ya fito a ɗaya. "Kin gani? Gilashi ne zalla. Haske kawai ke bi."

Ta ɗauka ta gama magana. Hajiya ta janye hannunta kamar an ɗora mata kunama.

"Gilashi? Mu da muke rufe madubi in hadari ya taso, ashe gilashi kika jawo mini tun daga ƙofar gida har kan 'ya'yan mutane?"

"Hajiya, ba irin..."

"Kin ce haske ke bi. Walƙiya ba haske ba ce?"

"Haske ce, amma ba irin hasken ba ne."

"Haske iri nawa ne?"

Wata daga cikin matan ta yi dariya ta toshe baki. Ikram ta san amsar, har ta ci jarrabawa da ita. Amma da Turanci aka ba ta, kuma amsar ta ƙi sauya harshe a gaban tsohuwar. Abin da ta iya cewa shi ne, "Abin da ya bugi Yaya Tani lantarki ne, shi kuwa ƙarfe yake bi."

"Wanda ya ja waccan wayar ma cewa ya yi ba komai," in ji Hajiya.

Ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo ɗai-ɗai a kan kwano. Ikram ta daina neman hujja.

"Hajiya, Alhaji yana soro yanzu, shi da Injiniya. Ruwa zai tsare su a can, kuma idonsa yana kan koriyar fitilar. Da can ba ya lura, don sai Sule ya kashe kwamfuta kike zarewa. Yau yana kallo. In kika zare nan, ta can za ta mutu a gabansa."

"Sai in ce masa ni ce."

"Zai ce to, ga dalili."

 Hajiya ta fi kowa sanin wanda ta haifa. Ta juya wajen Tani.

"Da kunnenki kika ji ya rantse?"

"Har da tallahi, Hajiya."

Matan suna tsaye sun zuba mata ido, ba wadda ta ce ta zare, ba wadda ta ce ta bari. Kowace tana tsoron tsawa, kowace kuma ta san abin da ke jiranta a gida in ɗakin nan ya koma na buhuna. Hajiya ta daɗe tana kallon wayoyin. Sannan ta tura ƙofar akwatin ta rufe.

"Ku fita. Duk ku tafi ɗakina, ku ja ƙofa."

"Hajiya, ke fa?"

"Na ce ku fita. Tani, ke ce gaba."

Suka fita a guje cikin ruwa, zannuwa a ka. Hajiya ta ɗauko wani zane daga kan kwandon, ta yafa wa akwatin kamar yadda aka yafa wa madubi, ta jawo kujerarta ta ajiye a gindinsa ta zauna.

"Ke ma bi su."

"Ni na haɗa shi, Hajiya."

"Uwarki na da wata bayan ke?"

"Mu biyar ne."

"To zauna. Amma can, nesa da bango."

Ikram ta zauna a tabarma. Ruwa ya ɓalle gaba ɗaya. Indararo ya fara zuba a tsakar gida kamar an fasa randa, hasken da ke shigowa ta ƙofa ya koma toka. Hajiya tana jan carbi, leɓenta na motsi da addu'ar tsawa. Aka yi wata ƙara daga wajen Dala, Ikram ta zabura har gwiwarta ta bugi jakar.

"Af," in ji Hajiya. "Ashe masu takarda ma suna tsoro."

"Ƙarar ce kawai."

"Kowa ma ƙarar ce. Wanda ta faɗa wa ba ya jin ta."

 Ƙanshin ɗakin ya ƙara nauyi da damshi, ya fito daga bango, daga tabarma, daga azarar rufi. Wanda ya zauna a gidan da aka daina hura kasko ya san wannan ƙanshin ba ya bin mai shi kabari. Yana nan maƙale a labule da matashin kai, yana tashi duk ranar ruwa, har mutum ya gwammace da ya tafi.

"Hajiya, me ya sa sai a ɗakin nan ake turara rigunan?"

"Don nan suke fitowa da wari. Rigar da aka yi wa aikin hannu tana fita da ƙanshin wanda ya ɗinka ta, guminsa, goronsa, ɗakinsa. Ta inji ba ta da ƙanshin kowa, sai mai. Ba zan bar riga ta fita daga gidan nan kamar marainiya ba." Ta ja carbi. "Ko da yake masu sa su yanzu, ko da me ka turara su..."

Ba ta ƙarasa ba. Ɗakin ya yi fari fat, ƙarar ta zo tare da hasken, ba tazara, kamar an tsaga rufin da gatari. Ƙasa ta zubo daga azara. Daga ɗakin Hajiya aka ji mata sun ɗauki salati. Ikram ta rufe ido, ta ji an damƙe mata wuyan hannu da ƙarfin da ba ta zaci tsohuwa na da shi ba. Ba ta san lokacin da Hajiya ta baro kujerarta ba. Tana tsugune tsakaninta da akwatin, ta juya masa baya.

Suka zauna a haka har ƙarar ta gangara yamma tana gunaguni. Hajiya ta saki hannun, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta koma kujerarta, ta gyara mayafi.

"Ɗaga zanen ki gani."

Ikram ta ɗaga, Hajiya ta miƙo makulli, ta buɗe. Koriyar fitilar tana ƙiftawa a hankali, ba abin da ya dame ta. Ta taɓa jikin suwic ɗin, ɗumi kaɗan, irin na kullum.

"Tana nan, Hajiya."

"Yau tsawar ta wuce ta wani gidan."

"Ko ta faɗo nan ba za ta bi zaren ba."

"Haka kika ce."

Da ruwan ya tsagaita Tani ta fito ta tayar da janareta, matan suka dawo suna matse zannuwa, suna duban Hajiya kamar wadda ta dawo daga tafiya. Kafin a kunna inji Hajiya ta sa aka ɗauke kwandon da kaskon aka kai ɗakin da ke kusa da madafa, ta sa Tani ta cire ƙusar daga bango.

Ikram ta tattara kayanta. Ta tarar da mazan sun sauko zaure, Alhaji Bukar yana goge ruwan da ya fantsar masa a takalmi.

"Duk tsawar nan fitilar ba ta mutu ba," in ji shi, ba a gane ko murna yake ko akasinta. "Ni da Injiniya muna kallo. Me ke damunta da?"

"Maiƙo ne a bakin zaren, Alhaji. An kawar da shi. Ba zai dawo ba."

"Maiƙo daga ina?"

"Na sha gaya mata ta riƙa wanke hannu kafin ta taɓa kaya," in ji Lawal. "Ka san mata da man shafawa."

Ikram ta dubi ƙasa. Alhaji Bukar ya ɗan daɗe yana kallonta, ya ja iska ta hanci, kamar mutumin da ya gane wani ƙanshi kuma bai ga amfanin ambatarsa ba. Ya miƙa wa Lawal hannu ya yi masa godiya a kan aikin da bai taɓa gani ba. Rumfar Sharaɗa, ya ce, a bar ta tukuna, tunda fitila ba ta mutu ba.

Ba ta kuwa mutu ba. Injinan suka zauna a cikin gida, Tani da sauran suka ci gaba da zuwa kowace safiya ta lungun baya. Hajiya Kaltume ba ta taɓa yarda cewa tsawa ba ta bin gilashi ba, kuma ba wanda ya sake ƙoƙarin fahimtar da ita. Sauran daminar, duk ranar da gabas ta yi baƙi, sai ta tafa hannu a kashe injina, ta kora matan ɗakinta, ta yafa wa akwatin zane, ta jawo kujerarta gindinsa ta zauna ita kaɗai har ruwa ya ɗauke.